A Mai Da Bajekoli Makaranta

Kowace shekara 'yan kasuwarmu sukan kashe maƙudan kuɗi wajen kama rumfa a kasuwar bajekoli ta duniya ta Kaduna, ko ta Kano, ko ta Legas wadda ake ci a watan Nuwamba. Akan kwashi ma'aikata, a biya musu kuɗin mota da masauki, su yi kusan kwana goma suna raba takardun talla. Da kasuwa ta watse sai kowa ya koma gida da ilimin da ya zo da shi. A ganina wannan asara ce, musamman a zamanin da lissafin kanti da biyan kuɗi da ajiye bayanan abokan ciniki duk sun koma kan na'ura mai ƙwaƙwalwa.

A Amurka da Turai manyan kamfanonin kwamfuta sun daɗe da gane cewa taro wurin karatu ne. A babban taron shekara-shekara na kamfanin Cisco, wato Cisco Live, akan buɗe ɗakin jarrabawa a cikin harabar taron, mahalarci ya saurari darasi da safe, ya gwada na'ura da hannunsa, sa'an nan ya zauna jarrabawar takardar shaidar ƙwarewa kafin ya bar garin. Hikimar a fili take: malamai da na'urori da ɗalibai sun riga sun taru wuri guda, kuma an riga an biya kuɗin tafiya.

Mu ne ma muka fi bukatar wannan tsari, saboda tsadar takardun. Jarrabawar CCNA ta Cisco, wadda ke shaida cewa mutum ya iya haɗa kwamfutoci da kula da su, dala 300 ce, kuma takardar shekara uku take yi sai a sabunta ta. A farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin bai kai naira 140,000 ba. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekarar, dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuɗin jarrabawar ya tashi zuwa kimanin naira 450,000. Ƙaramin ɗan kasuwa shi kaɗai ba shi da bakin neman rangwame. Amma ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu, idan ta tara ɗalibai masu yawa, tana da ƙarfin ciniki, kamar yadda mai sari ya fi mai sayen ɗai-ɗai samun sauƙi.

Sai dai akwai hattara. Takardar halartar taro daban, takardar shaidar ƙwarewa daban. Ta farko ana ba duk wanda ya zauna a kujera. Ta biyu kuwa sai an ci jarrabawa a cibiyar da aka amince da ita, irin cibiyoyin Pearson VUE, kuma mai ɗaukar ma'aikata yana iya bincika sahihancinta ta intanet. Idan masu shirya bajekoli suka bar kowane mai rumfa ya buga kwali mai ado ya sayar wa matasa, to an buɗe wata ƙofar damfara ke nan. Haka kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ba wanda zai koyi aikin wata uku a kwana goma. Kamata ya yi a fara karatu watanni kafin kasuwa, makon bajekolin ya zama na bita da gwajin na'ura da jarrabawa.

Wasu masu kamfanoni sukan ce idan suka horar da yaro, gobe banki ko wani kamfani na ƙasar waje zai ɗauke shi. Wannan tsoro yana da tushe. Amma maganinsa yarjejeniya a rubuce, cewa ma'aikaci zai yi wa kamfani aiki na wani lokaci ko ya mayar da kuɗin. Wanda ya ƙi horar da nasa, duk ranar da na'ura ta tsaya sai ya rufe ciniki ya jira masani daga Legas ko Abuja. Bugu da ƙari, kamfanonin da ke biyan kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu ga Asusun Horar da Ma'aikata na ITF suna da damar neman a mayar musu har rabin abin da suka zuba, muddin asusun ya amince da horon.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kaduna da Kano da su keɓe zaure guda mai tsayayyiyar wutar lantarki da intanet domin wannan aiki. Hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, da shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku, su shigo da malamai da tallafin kuɗin jarrabawa. A ƙarshen kowace kasuwa kuma a bayyana adadin waɗanda suka zauna jarrabawa da waɗanda suka ci. Da wannan adadi ne ɗan kasuwa zai gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.