Ba Addar Manomi Ce Ta Ƙone Agban Ba

Duk lokacin da jini ya zuba a kudancin Kaduna, magana ɗaya ake ji daga manya da ƙanana: a hana kowa yawo da wuƙa da adda, wanda aka kama da su a ɗaure shi. Maganar tana da daɗin ji, amma ni ban yarda da ita ba. Hukuncin kan mai uwa da wabi ba zai kare Kagoro ba, sai dai ya mayar da mai neman halaliyarsa mai laifi.

Su wa ke riƙe da ƙarfe mai kaifi tsakanin Kagoro da Kafanchan kowace safiya? Manomi ne da addarsa da laujensa, zai gonarsa a gindin dutse. Mata ne masu tsaga citta kafin a shanya ta. Mahauci ne, da mai tsire, da wanzami da askarsa a zabira, da makiyayin da ke saro wa shanunsa ganye da rani. Ranar 1 ga Janairu kuma maharba kan fito bikin Afan da kwari da baka, gadon kakanninsu. Waɗannan su ne dokar hana kowa za ta fara ci, domin su ne ke tafe a fili, tsakar rana.

Waɗanda suka auka wa Agban Kagoro ranar 20 ga Maris 2022, suka kashe fiye da mutum 30, suka cinna wa gidaje wuta, 'yan bindiga ne. Haka waɗanda suka shiga Malagum da Sakwong a Disambar shekarar. Tun 1959 Nijeriya take da dokar da ta hana riƙe bindiga ba lasisi. An kasa aiki da wannan, sai kuma a dawo kan lauje? An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Dokokin tarayya sun yi magana inda haɗari yake a bayyane. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana zuwa taro ko jerin gwano da makami. Dokar fashi ta 1984 ta lissafa adda da wuƙa cikin makamai idan an yi fashi da su. Amma mutumin da ke kan hanyar gona fa? A aikace, makomarsa tana hannun jami'in da ya tare shi a shinge: ya ga dama ya ce kayan aiki ne, ya ga dama ya ce makami ne, sai an ba da na goro. Alhali sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum kan laifin da rubutacciyar doka ba ta fayyace shi da hukuncinsa ba. Sanarwar hani a rediyo ba doka ba ce.

Abin ya fi muni a yankinmu, inda tabon rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011 bai warke ba. A nan kowa yana ganin addarsa kayan sana'a, ta maƙwabcinsa makami. Dokar da ta bar hukunci ga zato, a ƙarshe fuska za a riƙa dubawa, da sutura, da suna. Yau a kama Bafulatani, gobe ɗan Kagoro, kowanne ya koma gida da tabbacin cewa hukuma ta abokin gabarsa ce.

Za a ce ai wuƙa tana kisa. Tana yi, kuma an sare mutane da adda a rikice-rikicen nan. 'Yan sara-suka da 'yan daba da masu ƙwacen waya sun raba iyaye da 'ya'yansu a biranen Arewa. Don haka ne ma nake son doka ta san wanda take nema. A Ingila, dokar 1988 ta hana riƙe wuƙa a bainar jama'a, amma ta ware ƙaramar wuƙar naɗi da ba ta wuce inci 3 ba, ta kuma karɓi hujjar sana'a, ko addini, ko suturar gargajiya. Idan ƙasar da 'yan ƙalilan ne ke noma ta san da wannan bambanci, ina ga tamu?

Ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta gyara dokar laifuffuka ta 2017, ta rubuta abu huɗu ƙarara. Na farko, kayan sana'a halal ne a kan hanyar aiki, muddin suna cikin kube ko a naɗe. Na biyu, makaranta, masallaci, coci, mashaya, taron siyasa da rumfar zaɓe wurare ne da ba a shiga da wuƙa, sai wanda sana'arsa take wurin. Wanda ya saɓa, ko ya zare wa wani, hukuncinsa ya yi tsanani. Na uku, bukukuwa irin Afan da hawan Sallah su samu izini a rubuce ta hannun sarakuna, da sunayen masu fita da makaman gargajiya. Na huɗu, duk abin da jami'i ya ƙwace ya ba da takardar shaida, wanda aka kama kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya ko biyu kamar yadda Tsarin Mulki ya tanada.

A Maris 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Mutanen da suka iya wannan za su iya zama kan dokar wuƙa. 'Yan majalisarmu su kawo zaman jin ra'ayin jama'a Kafanchan, su saurari manoma da makiyaya da mahauta da maharba kafin su rubuta harafi ɗaya. Ƙarfin jami'an tsaro kuwa a juya shi kan masu shigo da bindigogi da masu kai hari.