Sabon Windows: A Biya Ko A Dakata?

 Zancenmu na wannan wata ya taso ne daga wata uwa da ta zo daga Goronyo ta same ni a gida ran Asabar, da kwamfuta naɗe cikin zane sai ka ce jariri. Ta kwance ta ce, "Malam, duba mini. Na saya wa ɗana domin ya koyi jarrabawar JAMB, amma in an kunna ta, sai a dama koko a sha ba ta gama farkawa ba." Ashe ta riga ta kai wa wani mai gyara a Sakkwato, ya ce sai an sa mata sabon Windows mai sauri. Kuɗin da ya yanka kuwa sun kai na makarantar ƙanen yaron na zango guda.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB duka, yaron da bai taɓa riƙe linzaminta ba kuwa, tsoro yakan cinye masa lokaci tun bai karanta tambaya ba.

Windows shi ne babbar manhaja, watau mai gidan da yake raba wa kowane sashe na injin aikinsa. Sayar da sabonsa da sunan sauri ba yau aka fara ba. A 2009 kamfanin Apple na Amurka ya fito da Snow Leopard, ya faɗa a fili cewa gyara da sauri ya kawo, ba sababbin kayan ado ba. Ya sa masa dala 29, alhali na gabansa, Leopard na 2007, dala 129 ne. Mutane da yawa sun saya sun ji daɗi. Amma fa ku lura, masu tsofaffin injuna na PowerPC an bar su a baya, gama sabuwar manhajar ba ta shiga nasu sam. Daga 2013 kuma Apple ya daina karɓar kuɗi a kan irin wannan canji.

Haka yake ga Windows 11 da ya fito a 2021. Wanda yake da Windows 10 na gaskiya, kyauta ake ba shi, muddin injinsa ya cika sharuɗɗa: ram gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da wani ɗan abin tsaro mai suna TPM 2.0, in kuwa ƙwaƙwalwar Intel ce, galibi sai zubi na 8 zuwa sama. Yawancin kwamfutocin gwanjo da muke saye sun girmi wannan. Saboda haka in naka ya cika, ladan aikin mai gyara kaɗai za ka biya. In bai cika ba aka cusa masa da dabara, bai zama lalle ya ƙara sauri ba, Microsoft kuma bai ɗauki alkawarin lura da shi ba.

Na tambayi uwar nan ko mijinta yana noman rani. Ta ce ƙwarai, albasa. Na ce, "To Mama, in injin ban ruwa ya fara tari, ruwa yana fita kaɗan kaɗan, sai Baba ya canza gidan man da yake sayen fetur?" Ta yi dariya ta ce a'a, kwance shi ake yi a duba ciki. Duk manomin fadamar Wurno ya san wannan.

Sai muka kwance tata. Abu na fari, ƙurar hunturu ta toshe fankar ciki har ta zama kamar auduga. Kwamfuta in ta ji zafi takan rage gudu da kanta domin kada ta ƙone, mu kuwa a nan zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. Abu na biyu, ma'ajiyarta tsohon faifai ne mai juyawa, wanda sai allura ta bi ta nemo abu. Akwai sabuwar iri da ake kira SSD, ba abin da yake motsi a cikinta, ita ce take sa tsohon inji ya tashi da wuri. Na ga wannan da idona fiye da sau ɗaya. In da kuɗi kaɗan ne a hannu, ni nan zan sa su, sa'an nan in ƙara ram in da saura.

Akwai dai gaskiya guda a bakin mai gyaran, ko da yake ba ita ya faɗa ba. Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kullum, ya buɗe ƙarin shekara guda a kan dala 30, ko ta hanyar haɗa injin da asusun Microsoft. Wannan zancen ɓarayin intanet ne, ba na sauri ba. Mai shago da yake aika kuɗin banki ta kwamfutarsa, lalle ya kamata ya damu, har ya fara tanadin injin da zai ɗauki Windows 11. Yaron da yake maimaita tambayoyin JAMB ba tare da intanet ba, haɗarinsa kaɗan ne.

Ku yi hankali kuma da lambar buɗe Windows mai araha da ake sayarwa a kasuwa. Wani abokin aikina a Rabah ya biya, bayan 'yan watanni rubutu ya fito a kusurwar allo cewa Windows ɗinsa ba a tabbatar da shi ba. Da ya koma, mai sayarwa ya ce shi ma haka ya saya.

Ita uwar nan ta koma Sakkwato ta sayi SSD, aka kwafe mata tsohon Windows ɗinta a kai, aka share fanka, kuɗin duka bai kai abin da aka fara yanka mata ba. Na ce yaron ya daina ɗora ta a kan katifa, ya nemi ɗan katako. Makon jiya ta aiko mini da kwandon albasa, da saƙo cewa yanzu ƙanen ne yake kuka, wai ba a ba shi ya taɓa.