Lafiya Uwar Jiki: Duban Hanji da Madubi ga Tsofaffinmu

A wannan wata filin namu zai tsaya ne kan duban babban hanji da madubi, wanda likitocin Kwatano ke kira kolosokofi.

Mu nan Zango, da zarar Baba ko Inna sun ga jini a bayan gida sai mu ce basir ne, a kawo jiƙo. Sau da yawa basir ɗin ne. Amma wani lokaci tsiro ne a hanji, ko ciwon daji, shi kuwa ba ya jin saiwa. In jini ya ƙi tsayawa, ko tsoho na ramewa ba dalili, mu kai shi asibiti, kamar CNHU Hubert Maga.

Likita kan zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta dubura, ya bi hanjin, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. In ya ga ƙaramin tsiro sai ya cire nan take.

To, mai shekara 80 fa? A Amurka, shawarar 2021 ta ce a riƙa binciken masu shekara 45 zuwa 75 ko da lafiyarsu ƙalau, daga 76 zuwa 85 kuma a duba halin kowa. Wanda ke zubar da jini kuwa, shekaru kaɗai ba sa hana a duba shi. Sai dai haɗarin hujewar hanji ya fi yawa ga tsoho, don haka likita zai fara auna zuciya, huhu da ƙoda.

Inda aikinmu yake shi ne daren wankin ciki. Ana shan maganin gudawa lita 2 zuwa 4, abin da kan ƙarar da ruwan jiki, ya kawo jiri. Kada mu bar tsoho shi kaɗai. A ajiye masa fo kusa da gado, kada ya faɗi a makewayi. Mai ciwon ƙoda ya faɗa tun da wuri, domin akwai maganin wankin da ke cutar da ita. Mu tattara duk magungunansa, har na gargajiya, mu nuna wa likita, musamman na sukari, na ƙarin jini da na tsinka jini. Kada mu dakatar da ko ɗaya da kanmu.

Bayan an gama, maganin barci bai sake shi ba, don haka kada mu ɗora shi a kan zemijan. A nemi mota. In ciwon ciki mai tsanani, zazzaɓi ko jini mai yawa ya biyo baya, a koma asibiti a ranar.

Mun san kunya ce ke rufe wa iyayenmu baki. Mu ne za mu tambaye su cikin ladabi, mu raka su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa.