Gahawar Juda: Kafin Mu Kai Kofin Baki

 

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙasar Indunusiya, ko saro kaya ne ya kai shi kasuwar Tanah Abang da ke Jakarta, ko karatu, ko yawon buɗe ido a tsibirin Bali, da wuya ya dawo ba a yi masa tallan wani abin sha da ake kira kopi luwak ba. A harshensu kopi shi ne gahawa, luwak kuma wata dabbar dawa ce 'yar dangin dabbar nan tamu juda, wadda wasu ke kira jibda, mai turaren da kakanninmu suka sani. In za mu raɗa masa sunan Hausa, sai mu ce gahawar juda. Ana yi mata kirari da cewa tana cikin gahawa mafi tsada a duniya, kilo guda yakan kai ɗaruruwan daloli a kasuwannin Turai da Amurka. Dalilin tsadar kuwa shi ne abin da ke sa mutum ya ɗan dakata: daga cikin kashin dabbar ake tsince ƙwayoyin.

Ra'ayinmu a kan wannan abin sha ba mai tsawo ba ne. Idan tafiya ta kai ɗayanmu can, aka miƙo masa kofin, mu muna ganin ya fi kyau ya yi godiya ya wuce. Ba ƙyama ce ta sa muka faɗi haka ba, kuma ba mu ce haramun ne ba. Dalilanmu suna tafe.

Bari mu fara da yadda ake samun ta. Itacen gahawa yana yin 'ya'ya ƙanana da ke ja idan sun nuna, a cikin kowane ɗa akwai ƙwaya, galibi biyu. Luwak da dare take yawo. Takan hau itacen ta zaɓi nunannun 'ya'yan ta haɗiye, cikinta ya narkar da tsokar, ƙwayar kuma ta fito da ɓawonta bayan kwana ɗaya ko fiye. Sai a tsince, a wanke, a shanya, a ɓare, a soya, a niƙa. A shekarar 2004 wani masanin abinci a Jami'ar Guelph ta ƙasar Kanada, Massimo Marcone, ya wallafa bincike da ya nuna cewa ruwan cikin dabbar yana ratsa ƙwayar ya farfasa wasu sinadaranta, abin da ake dangantawa da raguwar ɗaci. Ke nan akwai ɗan bambanci na gaske. Tambayar ita ce ko bambancin ya kai kuɗin, kuma ya kai abin da ake yi wa dabbar.

Mu nan Kamazou mun taɓa samun damar ɗanɗanawa. Wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa ya dawo daga Jakarta da 'yar ƙaramar leda mai hoton dabbar, ya kawo ta teburin mai shayin unguwa, aka dafa aka rarraba a ƙananan kofuna. Abin da harshenmu ya gaya mana shi ne ɗacinta bai kai na wadda muka saba ba, tana da wani ƙamshi kamar na ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, sai ɗan nauyi a baki. Shi ke nan. Mai shayin ya kurɓa sau biyu ya dubi mai tsarabar ya ce, "Alhaji, da ba ka faɗi kuɗinta ba, wallahi da na ce Nescafe ce ta kwana a buɗe." Aka yi dariya, amma maganarsa ta yi kusa da ta ƙwararru. Masu sana'ar ɗanɗana gahawa, waɗanda ake rufe musu sunan abin da suke sha don kada suna ya ruɗe su, da yawansu ba sa sa kopi luwak a sahun gaba. Abin da ke ɗaga farashinta labarinta ne.

Labarin kuwa mai daɗin ji ne. A ƙarni na 19 Turawan Holan suna mulkin tsibirin Java, kuma daga 1830 suka kafa tsarin tilasta wa manoma shuka amfanin da Turai ke so, ciki har da gahawa. Ana ba da labarin cewa an hana talakawan da ke wahalar noman su tsinki gahawar don shan kansu, sai suka lura da ƙwayoyin da luwak ke kasayarwa a gindin itatuwa, suka riƙa tsincewa suna wankewa suna sha. Wato asalinta abin shan wanda aka zalunta ne, dabarar mai ƙaramin ƙarfi. Sai a 1991 wani Bature ɗan kasuwar gahawa, Tony Wild, ya shigar da ita Ingila. A 2007 fim ɗin Amurka mai suna The Bucket List ya ƙara yayata ta. Daga nan masu kuɗi suka buɗe baki, buƙata ta ninka abin da daji zai iya bayarwa.

A nan ne gizo ke saƙar. Dabbar da ke yawo a daji ba ta yi wa kowa alƙawarin inda za ta yi kashi ba, mai tsinta sai ya sha yawo kafin ya tara abin kirki. Da kasuwa ta buɗe, sai aka koma kama luwak ana kullewa a keji ana ɗura musu 'ya'yan gahawa. Dabbar da Allah Ya halitta tana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri da ƙwari da ƙananan dabbobi, tana kwana da rana, tana zaman kaɗaici, ita ce aka mayar injin niƙa. A 2013 BBC ta yi binciken ɓoye a tsibirin Sumatra, ta nuna luwak a ƙuntatattun keji, kuma ta nuna yadda gahawarsu ke shiga kasuwa da sunan ta daji. A shekarar ce shi kansa Tony Wild ya fito yana kiran mutane su daina saye. Bayan haka masu bincike daga Jami'ar Oxford tare da ƙungiyar World Animal Protection suka duba luwak kusan 50 a gonaki 16 na Bali, irin gonakin da ake kai baƙi su ɗanɗana, suka tarar babu gona ko ɗaya da ta cika ƙa'idar kula da dabba. Wasu a kan waya suke tsaye dare da rana, wasu babu inda za su ɓuya daga hayaniyar masu ɗaukar hoto.

Har ila yau, kejin ya rushe hujjar tsadar. Abin da aka ce ya sa gahawar ta fi shi ne dabbar da kanta take zaɓen ɗan da ya fi nuna. Wadda ke kulle ba ta da zaɓi, abin da aka zuba mata shi za ta ci. Sannan ga jabu: babu yadda baƙo zai gane da ido ko da harshe cewa garin da ke cikin leda ya taɓa bi ta cikin wata dabba. Matafiyin da ya biya kuɗin nan, ɗayan biyu ne. Ko ya sayi wahalar dabba, ko ya yi wa rogo kallon kitse.

Kada mu ɗauka wannan labarin mutanen nesa ne kawai. Mu ma muna da tarihi da juda da keji. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma ziyarci ɗan'uwan sarkin, Atiku, wanda ya gaji sarautar a 1837. Clapperton ya rubuta cewa Atiku yana kiwon juda ɗari biyu, kowace a kejinta na katako, ana ciyar da su da dunƙulen dakakkiyar dawa da busasshen kifi, ana kankare turaren daga jikinsu. Turaren juda haja ce mai daraja a wancan zamani, kuma har yau ana wannan kiwo a ƙasar Habasha. Judarmu ta Afirka ta fi luwak girma, ba iri ɗaya ba ne, amma ƙaddararsu ta zo ɗaya: kowace tana da wani abu a jikinta da ɗan Adam ya ga kuɗi a ciki. Ba mun kawo wannan don mu zargi magabata ba ne, zamaninsu daban, kuma ba su da turaren da masana ke haɗawa yau ba tare da an taɓa dabba ba. Mun kawo shi ne don mu tuna cewa mun san wannan ciniki tun kafin a haifi kakanninmu, bai kamata a ruɗe mu da shi don an sa masa sunan waje ba.

To, ina batun halasci? Wannan ita ce tambayar da Bahaushe zai fara yi, kuma malaman can sun riga sun amsa ta. A 2010 Majalisar Malaman Indunusiya ta ba da fatawa cewa ƙwayar ba ita ce najasar ba, najasa ce ta taɓa ta, don haka idan ta fito lafiya da ɓawonta, yadda in an shuka za ta tsiro, aka kuma wanke ta, ya halatta a sha a kuma sayar. Mun ji, mun kuma girmama. Amma fatawar tana magana ne a kan tsarkin ƙwaya. Haƙƙin dabba wani babi ne daban, kuma duk wanda ya zauna a makarantar Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Maƙwabtanmu Kirista a nan Kamazou su ma littafinsu ya yabi mai tausayin dabbarsa. Abu yana iya zama mai tsarki a kofi, hanyar da ya biyo kuma ta zama abin tambaya.

Mun san akwai masu cewa, ai tafiya mabuɗin ilimi ce, wanda ya je garin mutane bai taɓa abincinsu ba bai je ba. Gaskiya ne, mu ma muna kan wannan. Sai dai kopi luwak ba ita ce abin shan mutanen Indunusiya na yau da kullum ba. Talakan can gahawar da ake kira kopi tubruk yake sha, gari da sukari a zuba tafasasshen ruwa, a rumfar bakin hanya irin ta mai shayinmu. Wanda ke son sanin mutanen, can zai zauna. Gonar da direban 'yan yawon buɗe ido ya kai ka, aka jera maka kofuna, aka nuna maka dabba a keji tana gyangyaɗi da tsakar rana, an shirya ta ne domin aljihunka.

Akwai kuma masu cewa, idan kowa ya daina saye, manomin da ke tsintar ta daji da gaskiya fa? Wannan magana ce mai nauyi, don akwai irin waɗannan manoma. Amsarmu ita ce nauyin hujja yana kan mai sayarwa. Matambayi ba ya ɓata: a ina aka tsinto, wa ya tsinto, ina shaidar cewa ba daga keji ba ne? In an amsa maka da abin da hankali zai kama, ruwanka. In kuwa amsar ita ce murmushi da hoton dabba a jikin leda, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda muke tsallake namu. A tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba, wajen Gembu, ana noman gahawa irin Arabika, wadda ita ce duniya ta fi daraja, kuma Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya tana da reshe a Kusuku da ke aiki a kan gahawa da ganyen shayi. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa kurɓar gahawar Mambila? Mu nawa muka san ma akwai ta? Indunusiya kuwa ta daɗe da shigowa gidajenmu: Indomie da yaranmu ke ci asalinta daga can ne, atamfar da iyayenmu mata ke ɗaurawa ma daga rinin batik na Java Turawan Holan suka kwaikwayo ta. Su sun iya ɗaukar abinsu su ba shi labari har duniya ta saya, ko da kashin dabba ne. Mu kuma namu yana kan tsauni babu mai ba da labarinsa.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, idan Allah Ya kai ka Jakarta ko Bali, ka ci shinkafarsu, ka sha kopi tubruk a rumfar talaka, ka tambayi mai rumfar sunan garinsu. Idan aka kai ka gaban keji aka miƙo kofi, ka dubi dabbar da kyau kafin ka dubi kofin. In kuma hanya ta bi da kai Gembu, a taho mana da tsarabar gahawa.