Gargaɗi ga Mai Son Sayen Tsohuwar Bindiga

Ga wata magana wadda ta kamata a dube ta da idon basira, watau sayen tsohuwar bindiga don ajiya.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ake ƙera igwa a birninsa, arewa da Daura. Har yau kuwa 'yan bindiga suna sakin albarushi a gaban Sarki ran hawan Salla da na Gani. Saboda haka akwai gidajen da ke da adaka ta kaka da kakanni, akwai kuma masu hali da ke marmarin su sayi irinta su rataye a turaka don tunawa da mazan jiya. Wannan marmari ba aibu ba ne. Inda hatsarin yake shi ne zaton da wasu ke yi, wai bindiga in ta tsufa ta fita daga hannun doka.

A Amurka lalle akwai lasin na musamman ga mai tara tsofaffin bindigogi, bindigar da ta kai shekara 50 tana shiga ƙarƙashinsa. Amma Dokar Bindigogi ta Nijeriya, ta 1959, ba ta ƙidaya shekarun bindiga, irinta take dubawa. Ta kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda aka haramta sai da iznin Shugaban Ƙasa: igwa, da bindiga mai ruwa, da libarba, da bindigar soja. Na biyu su ne na farauta masu cin harsashi, lasin ɗinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne na ɗuri, irin su adaka, al'amarinsu yana ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

To, a lura da wannan ƙwarai. Bindigar nan mai lamba .303, irin wadda sojan ƙasar nan suka riƙe a yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, tana cikin kashi na farko, ko da tsatsa ta ci bakinta. Wanda aka same shi da ita ba izni, hukuncinsa ɗauri ne wanda bai gaza shekara 10 ba. Dattijon da ya ba da kuɗinsa don sha'awar tarihi yana iya ƙare tsufansa a gidan yari.

Haka kuma dokar ta hana cinikin bindiga sai ta hannun mai sayarwa wanda hukuma ta yi wa rajista. Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Lasin kuwa na mutum ne shi kaɗai, ba ya shiga rabon gado, sai magaji ya nemi nasa.

Malamai sun sani, fiƙihu ya shar'anta abin sayarwa ya zama mallakar mai sayarwa, kuma malaman fiƙihu sun hana sayar da makami a lokacin fitina. Fatake su ma sun sani, iyaka kusa take, daga Mai'aduwa zuwa Kwangwalam taku ne kaɗan, bindigar da ta ƙetaro ba takarda kuwa ba wanda ya san jinin da ke kanta. Mutanen Daura ba su manta da 2019 ba, shekarar da 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Gari daga ƙofar gidansa, ya yi wajen wata biyu a hannunsu.

Saboda haka mai niyyar saye ya fara zuwa ofishin 'yan sanda kafin ya taya, ya tambayi kashin da bindigar take ciki, ya nemi ganin rajistar mai sayarwa. Mai ta gado ya sanar da hakiminsa da 'yan sanda, a rubuta ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa.

Allah ya zaunar da ƙasar Daura lafiya. Haza wasalam.