In Yaro Ya Bugu A Ka, Kada A Jira Gari Ya Waye

Ya kai maigida, ka san yara ba su rabuwa da faɗuwa. Wani ya faɗo daga bishiyar mangwaro, wani babur ya kaɗe shi a bakin hanya, wani doki ko jaki ya harbe shi, wani kuwa katanga ta rufto masa da damina. Yawancinsu kuka za su yi su tashi, shi ke nan. Amma akwai bugun da ke kai wa ƙwaƙwalwa, wannan kuwa ba a maganinsa a gida. Mu a ganinmu, babban kuskure shi ne maganar nan ta "a bari mu ga yadda zai kwana."

Ga dalili. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai ne, ƙoƙon kuwa ƙashi ne, ba ya buɗawa. In ƙafa ta bugu ta kumbura, tana da wurin kumburi. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi. In ta kumbura, ko jijiya ta tsinke jini ya taru a ciki, sai ta matsu, jini ya kasa zagayawa, sa'an nan numfashi ya tsaya. Abin da ya fi ruɗin iyaye kuwa shi ne, wani yaron ya kan suma kaɗan, ya farfaɗo, ya yi magana, har ya nemi abinci, alhali jini na taruwa a hankali. Bayan 'yan sa'o'i sai barci mai nauyi ya ɗauke shi, a ce ai gajiya ce.

Saboda haka ka lura. In ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko yana jijjiga, ko an tashe shi ya kasa farkawa sosai, ko jini ko ruwa garai-garai na fita ta kunne ko hanci, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko hannu da ƙafa na gefe guda sun saki, to, a kama hanya nan take, ko da tsakar dare ne. Ga jariri, a duba maɗiga: in ta kumbura, ko ya ƙi nono, haka ne. Kuma kada kowa ya girgiza jariri don ya yi shiru, wannan kaɗai ya isa ya tsinka jijiyoyin cikin kansa.

Kafin ku isa, kada a ɗura masa ruwa, ko kunu, ko jiƙo, ko rubutu, domin wanda ya suma ba ya iya haɗiya, huhunsa za su tafi. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a turara masa hayaƙi. Wanzami ya iya sana'arsa, amma ƙahonsa ba ya jawo jinin da ke bayan ƙashi. Ku kwantar da shi bisa katako ko ƙyaure, mutum guda ya riƙe kai don kada wuya ya lanƙwashe, gama wuya ma ya kan karye tare. In zai yi amai, ku juya shi gaba ɗaya a gefe, kai da jiki tare. Addu'a kuwa a yi ta a kan hanya.

A asibiti za a gwada buɗe idonsa, da maganarsa, da motsinsa, bisa ma'aunin da likitoci biyu suka fitar a Gilasgo a 1974. Lambarsa daga 3 zuwa 15 ne, wanda ya sami 8 ko ƙasa da haka rauninsa mai tsanani ne. Irin wannan yaro ɗakin kulawa ta musamman ya ke bukata, inda na'ura za ta yi masa numfashi, a ɗan ɗaga kan gadonsa, a ba shi magani ta jijiya mai rage kumburi, a hana zazzaɓi da jijjiga, ana dubansa dare da rana. Za a ɗauki hoton cikin kai, in an ga jini ya taru likita ya buɗe ƙashi ya kwashe shi. Mutane na jin tsoron wannan aiki, amma yaran da aka yi wa shi da wuri da yawa sun warke sarai.

Ba kowane asibiti ke da wannan ɗaki ba. Sai manya, irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In malamin asibitin garinku ya ce a wuce gaba, kada ka tsaya gardama, ka karɓi takarda ku tafi. Mun san mota da magani kuɗi ne, kuma wannan ke tsai da mutane da yawa. Shawararmu ita ce ku zauna da mai unguwa tun yanzu, ku san motar wa za a tasa da dare, ku ajiye ɗan asusu na gayya domin irin wannan rana.

In Allah ya sa an sallamo shi, kada ka yi mamaki in ka ga ya zama mai mantuwa, ko saurin fushi, ko karatu ya yi masa wuya. Ciwon ne, ba iskanci ba, kada a doke shi. Ka gaya wa malaminsa na makaranta, ka kuma mai da shi asibiti ranar da aka rubuta masa.