Rajistar Kwangila: In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

 A ƙasar nan babu mai binciken ayyukan gwamnati da ya kai damina gaskiya. Ruwan sama ba ya karɓar na goro, ba ya kuma karanta rahoton kammala aiki. Idan ya sauka, kwalbatin da aka yi wa rowar rodi sai ya rufta, ajin da aka yi wa ƙwauron siminti sai bangonsa ya dare, kwaltar da aka shimfiɗa ba tare da daɓe ba sai ta kwaye kamar ɓawon rogo. Duk lokacin da haka ta faru, bakin jama'a ɗaya ne: Allah wadan ɗan kwangila. Ban ce bai cancanci tofin ba. Sai dai kafin ya aza bulo ko ɗaya, akwai ofishin da ya duba takardunsa, ya ce ya cancanta, ya sa hannu, ya kuma biya shi. Wannan ofishin nake so mu waiwaya a yau, domin Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu fara da abin da doka ta ce. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta kafa wani sashe a fadar shugaban ƙasa domin sa ido kan farashi da bin ƙa'ida wajen bayar da kwangila, sashen da Oby Ezekwesili ta yi suna a jagorancinsa. A watan Yunin 2007, kwanaki kaɗan bayan hawansa mulki, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan dokar sayayya da kwangilolin gwamnati, wadda ta haifi hukumar BPP. Daga cikin ayyukan da dokar ta ɗora wa wannan hukuma akwai ajiye rajistar 'yan kwangilar gwamnatin tarayya, tare da kasa su rukuni-rukuni gwargwadon irin aikinsu da ƙarfinsu.

Duk wanda ya taɓa neman aikin gini a ma'aikatar tarayya ya san tulin takardun da ake nema. Akwai shaidar rajista daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, da shaidar biyan haraji ta shekara 3, da shaidar Hukumar Fansho, da ta asusun horar da ma'aikata, da ta asusun inshorar ma'aikata, da shaidar shiga rajistar BPP, da takardun injiniyoyin kamfanin waɗanda majalisar COREN ta tantance. Sashe na 16 na dokar ya ƙara da cewa lallai mai neman aiki ya kasance yana da ƙwarewa, da jari, da kayan aiki, da ma'aikata, ya kuma haɗa da takardar rantsuwa wadda zai bayyana ko wani jami'in ma'aikatar yana da hannun jari ko wata maslaha a kamfaninsa.

Wannan ɓangare kowa ya haddace shi, domin shi ake bugawa a jarida duk lokacin da za a tallata aiki. Ɓangaren da aka manta shi ne wanda ya hau kan ita ma'aikatar. Dokar ta wajabta mata tallata aikin a allon sanarwarta, da shafinta na intanet, da aƙalla jaridun ƙasa 2, da mujallar kwangiloli. Ta wajabta mata gayyato masu sa ido mutum 2 daga waje, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula mai fafutukar gaskiya. Ta ce a ajiye bayanan kowace kwangila har shekara 10, a aika kwafinsu ga BPP cikin wata 3 bayan ƙarewar shekarar kuɗi, a kuma buɗe su ga duk ɗan ƙasar da ya nema, matuƙar ba na sirrin tsaro ba ne, ya biya kuɗin kwafi da na gudanarwa. Jami'in da ya karya waɗannan ƙa'idoji, sashe na 58 ya tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, babu zaɓin tara, tare da kora daga aiki. Kamfani kuwa za a hana shi kwangilar gwamnati aƙalla shekara 5, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin.

A takarda ke nan. Tambayar da ta dame ni ita ce: wa ke ƙirga ma'aikatun da suka bi waɗannan ƙa'idoji da waɗanda suka yi biris da su? Ɗan kwangilar da takardar fanshonsa ta ƙare, a ranar buɗe takardu ake watsar da shi. Ma'aikatar da shekara ta zagayo ba ta aika bayananta ba, wane hukunci muka taɓa jin an yi mata? Mun ɗaura wa mai nema takunkumi, mun bar mai bayarwa yana kiwo ba makiyayi.

Na taɓa ba ɗalibaina aikin gida, na ce su zaɓi wata ma'aikata su nemo sunayen kamfanonin da ta ba aikin gini a shekarar da ta gabata, da kuɗin kowane aiki. Tallace-tallacen neman 'yan kwangila ba su yi wuyar samu ba. Sakamakon ne ya gagara: wa ya ci, a kan nawa, me ya sa shi ya ci. A daidai wannan giɓi, tsakanin talla da bayarwa, yawancin ɓarnar take kwana.

Hanyoyin zillewa sanannu ne ga duk wanda ya zauna da mutanen wannan harka. Ta farko ita ce daddatsa aiki. Akwai adadin kuɗin da idan kwangila ta kai shi, sai an samu takardar amincewar BPP kafin a bayar. Don gudun haka, sai a mayar da aikin hanya ɗaya gida huɗu ko biyar, kowane kaso ya tsaya ƙasa da adadin, duk da cewa dokar ta ambaci wannan dabara da sunanta a jerin laifuffuka. Ta biyu ita ce aron takardu. Mutum ɗaya ya zo da kamfanoni uku, biyu na rakiya ne, a yi gasar da an san wanda zai ci tun kafin a buga talla. Takardar injiniya ɗaya takan yi yawo a kamfanoni da dama, alhali mai ita bai taɓa taka filin aikin ba. Ta uku ita ce fakewa da gaggawa. Dokar ta yarda a tsallake gasa idan bala'i ya auku, amma sai ka ga aikin da aka sani tun ranar da aka zartar da kasafin kuɗi an bar shi har ƙarshen shekara, sa'an nan a ce lokaci ya ƙure. Ta huɗu, wadda ta fi kowacce cutar da talaka, ita ce sayar da takardar kwangila. Wanda ya ci aikin ba shi da ko baro, ofishinsa jakar hannunsa ce. Ya cire rabonsa ya miƙa wa na biyu, na biyu ya cire nasa ya miƙa wa na uku. Kafin aikin ya isa hannun birkila, kuɗin buhu goma na siminti ya koma na shida, kuma ginin ne zai biya bambancin.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi huɗu da ɗan kwangila zai iya bi shi kaɗai. Kowacce tana bukatar sa hannun wani mai kujera, ko aƙalla kawar da kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da wannan sakaci ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. A 2011 kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu domin tantance ayyukan tarayya ya ba da rahoton ayyuka 11,886 da aka fara ba a kammala ba. Kowace lamba a wannan jeri asibiti ce ko makaranta ko hanya ko madatsar ruwa da wasu mutane suka zuba wa ido. Sa'an nan gyaran da aka yi wa dokar a 2020 ya ɗaga kuɗin kafin alƙalami daga kashi 15 zuwa kashi 30 cikin 100. Manufar ita ce a sauƙaƙa wa kamfanonin gida, kuma manufa ce mai kyau. Amma idan tantancewa ta yi rauni, ma'anarta ita ce kamfanin da bai cancanta ba zai iya tafiya da kusan sulusin kuɗin aiki kafin ya haƙa ramin tubali.

Me ya sa sa idon ya yi rauni? Dalili na farko yana can sama. Dokar 2007 ta tanadi wata majalisar ƙasa da za ta tsaya a kan BPP, ta amince da manufofi da adadin kuɗin da ke bukatar izini, da wakilan ƙwararru da 'yan jarida da farar hula a cikinta. Shekara 15 ta shuɗe ba a ƙaddamar da wannan majalisa ba, Majalisar Zartaswa ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli a zamanta. Idan na gaba ya tsallake sashen farko na doka, da wane baki zai tsawata wa na baya a kan sashe na 16? Dalili na biyu, dokar tarayya ba ta hau kan kuɗin jihohi da ƙananan hukumomi ba, alhali a can ake gina yawancin azuzuwa da ɗakunan shan magani. Jihohi irin su Kaduna da Kano da Jigawa suna da nasu dokoki da hukumomi, amma ƙarfin kowace hukuma ya dogara ga yardar gwamnan da ya naɗa shugabanta. Dalili na uku, bibiyar da muke yi takan zo ne bayan kuɗi sun fita. Aikin da ICPC ta fara a 2019 na bin sawun ayyukan mazaɓu ya tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin aiki, haka ma shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT ya tona ayyukan da babu su sai a takarda. Abin yabo ne. Sai dai duka biyun magani ne, mu kuwa rigakafi muke nema.

A nan akwai abin koyi daga Afirka ta Kudu. A 2000 ƙasar ta kafa hukumar CIDB domin masana'antar gine-gine kaɗai. Hukumar tana riƙe da rajista biyu. Ta farko ta 'yan kwangila ce, mai matakai 9, gwargwadon jarin kamfani da girman ayyukan da ya taɓa kammalawa, kuma ma'aikata ba ta da izinin ba kamfani aikin da ya fi ƙarfin matakinsa. Ta biyu ta ayyuka ce, inda ita ma'aikatar dole ta shigar da tallar aiki, ta kuma shigar da sunan wanda aka ba. Hukumar takan kwatanta abin da ma'aikatu da ƙananan hukumomi suka tallata da abin da suka shigar a rajista, ta fitar da rahoton yadda suke bin ƙa'ida. Wannan bai wanke ƙasar daga almundahana ba, rahoton kwamitin Mai Shari'a Zondo na 2022 ya isa shaida. Amma ya sa saɓa ƙa'ida daga ɓangaren gwamnati ya zama abin da ake iya aunawa, a kira sunan mai shi.

Mu ma muna da kayan aikin. BPP tana da shafin NOCOPO da aka buɗe domin ma'aikatu su riƙa wallafa bayanan kwangilolinsu. Abin da ya rage shi ne a sa masa haƙora. Shawarata ta farko, hukumar ta riƙa fitar da jerin sunaye duk wata 3: ma'aikatar kaza ta tallata ayyukan gini kaza, ta wallafa sakamakon kaza, da sunan babban sakatare ko shugaban da ke riƙe da ita. Ma'aikacin gwamnati yana tsoron ganin sunansa a jarida fiye da yadda yake tsoron sashen dokar da bai taɓa ganin an ɗaure kowa da shi ba. Ta biyu, ofishin Akanta-Janar ya ƙi sakin ko kwabo na aikin ginin da ba shi da lamba a rajista. Ranar da biyan kuɗi ya rataya a kan shigar da bayani, ɗan kwangila da kansa zai tsaya a kan jami'i sai ya shigar. Ta uku, a haɗa rajistar BPP da rajistar ainihin masu kamfanoni wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, domin kamfanoni uku masu uba ɗaya su daina gasa da juna. Ta huɗu, majalisun jihohinmu su nemi irin wannan jeri daga hukumominsu kafin su amince da kasafin kowace ma'aikata.

Na san ƙorafin ƙananan 'yan kwangila, kuma yana da tushe. Sabunta takardu duk shekara yana cin kuɗi da lokaci, har wani ya gwammace ya yi aro. Amsar ita ce a rage takardun ga ƙananan ayyuka, a kuma tsaya tsayin daka kan rukuni. Rajistar da ake mutuntawa ita ce garkuwar magini na gaskiya, domin ita za ta hana mai jaka da lambar wayar babban mutum ya ture mai katafila da leburori.

Saura namu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya takarda, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ƙungiyoyin ci gaban gari, da 'yan jarida, da sassan koyar da injiniyanci da ƙididdigar gini a jami'o'inmu, duk za su iya ɗaukar aiki ɗaya a yankinsu su yi tambaya huɗu: a ina aka tallata shi, kamfanoni nawa suka nema, wa ya ci, kuma yana cikin rajista a rukunin da ya dace? Ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, an samu abin rubutawa. 'Ya'yanmu ne ke zama ƙarƙashin wannan rufi, matanmu ne ke haihuwa a waɗannan ɗakuna. Gara mu yi tambayar tun takarda tana kan tebur.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin tambaya. Sai mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.